Man sitiyari na zuba? A nemo inda yake fita kafin a ce rak ne

Jama'a akwai wani abu da yake damuna game da mu masu tsofaffin motoci, wato yadda muka mayar da ƙarin man sitiyari kamar shan mai a gidan mai. Za ka ga mutum da gorar man a but, duk sati sai ya buɗe bonet ya ɗura, in ka tambaye shi sai ya ce ai motar ce take shan sa. To gaskiya mota bata shan man sitiyari. Ba ƙonewa yake a cikin inji ba, zagaye kawai yake daga ɗan tankinsa zuwa famfo, daga famfo zuwa rak, wato dogon ƙarfen da ke juya tayoyin gaba in ka murɗa sitiyari, ya dawo tanki. In dai ya ragu to wani waje yake fita, kuma wajen nan ana iya gano shi.

Tawa Honda Accord ce ta 2004, wadda muke ce wa EOD, kuma kusan duk abin da zan faɗa a kanta na koya, amma zai yi wa mai Camry ko Corolla ta da amfani. Masu Corolla daga 2009 zuwa sama ku kam babu ruwanku, sitiyarinku na lantarki ne, babu mai a ciki.

Alamar farko yawanci kuka ne, da safe ka tada mota ka murɗa sitiyari sai ka ji wani ƙugi daga gaban inji, yana ƙaruwa in ka murɗa har ƙarshe. Daga nan sai nauyi, musamman wajen yin fakin. In ka je gareji da wannan, da yawa daga cikin makanikai kafin ma su leƙa za ka ji "Alhaji ai rak ne, sai dai a sayo ɗan Kwatano." Ba na cewa duk ƙarya suke, wani lokacin rak ɗin ne da gaske, amma shi ne mafi tsada a cikin abubuwan da ke iya zubar da man nan kuma shi ya kamata a zarga a ƙarshe. Ni abin da nake ce wa nawa shi ne, Malam don Allah a fara wanke wajen tukuna mu gani da idonmu.

Wankin nan shi ne rabin aikin. Tsohuwar mota ƙasanta duk baƙin mai ne da ƙura sun haɗu sun yi kauri, ba yadda za a yi ka gane daga ina ɗigon ya taso, ga shi kuma man yana bin jikin hos ya gangara ya je ya ɗiga a wani waje daban, iska ma tana watsa shi baya in ana gudu. To a wanke famfo da hos-hos da rak tas, a bari su bushe, a cika tanki zuwa layinsa, a tada inji wani ya riƙa murɗa sitiyari hagu da dama kai kuma kana haskawa da tocila. Wajen da ya fara jiƙewa daga can sama shi ne mai laifin. In ɗigon kaɗan ne bai nuna ba, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Amma don Allah kar a sa hannu ana laluben hos inji na aiki, wanda ya fito daga famfo matsinsa yana iya wuce psi 1000 (ma'aunin da ake auna iskar taya da shi), man da ya tsarto ta ƙaramin rami yana iya huda fata, ga bel kuma yana juyawa a kusa.

Hos biyu ne manya. Na dawowa tanki bashi da ƙarfin matsi, kilif ne kawai ke riƙe shi, da zafin garinmu robar takan bushe ta yi tauri kilif ɗin ya daina kamawa, wannan gyaransa sabon tiyo mai jure mai da sabon kilif, shikenan. Na matsin kuwa yakan fara tsatsafowa daidai inda aka matse roba da ƙarfe, kuma shi ba a ɗaure shi da robar tayar keke ko a shafa masa gam, canza shi ake yi. Kar a raina shi. A 2012 kamfanin Honda ya kira a dawo masa domin gyara da Accord masu injin V6 na 2003 zuwa 2007 sama da 500,000 a Amurka saboda hos ɗin nan yana lalacewa da zafi ya zubo mai a kan salansa mai zafi, abin da kan iya kawo hayaƙi har da gobara. Motocin nan da yawansu su ne suka shigo mana, kuma ba kowacce aka kai aka gyara ba kafin a lodo ta.

Sai wani ɗan abu da nake so kowane mai EOD ko DC (Accord ta 2006 da 2007) ya sani. A bakin famfo inda hos ɗin tanki ke shiga akwai wata 'yar roba zagayayya kamar zobe. In ta tsufa ba lallai ta zubar da mai sosai ba, iska take bari ta shiga, sai famfo ya yi ta kuka da sanyin safiya, in ka buɗe tankin ka ga man ya yi kumfa wani lokacin har ya tumbatso ta murfi ya ɓata wajen kamar yoyo ne babba. Mutane da yawa sun sayi famfo sukutum a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a kan robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, abin nan yana min ciwo wallahi.

Shi famfon kansa in sil, wato robar da ke hana mai fita, na bayan fule (faifan da bel ke juyawa) ya mutu za ka ga mai ya fantsama a kewayen bel. Rak kuma ga yadda ake gane shi: robobin nan masu lanƙwasa na gefe biyu kusa da taya, ƙura aka sa su tarewa, bai kamata a samu mai a cikinsu ba. A sassauta kilif ɗin ɗaya, in mai ya zubo to sil ɗin cikin rak ya tafi, a nan ne maganar rak ta tabbata. Ana iya canza sil in sandar ciki bata yi tsatsa ko karce ba, in ta yi to sabon sil ma ba zai daɗe ba. Ɗan Kwatano kuma a tuna shi ma tsoho ne, a duba robobinsa kafin a biya, bayan an ɗaura a je a yi alayimen.

Maganar irin mai, a karanta abin da ke rubuce a murfin tanki. Tsofaffin Toyota man giya ja suke so, Dexron, Honda kuwa nata man daban ne kuma zuba mata jan nan yana lalata sil a hankali. Masu zuba man birki wai don ya kumbura roba ya toshe yoyo, ku daina, kumburin nan shi ne lalacewar duk robobin ciki gaba ɗaya.

Bayan an gama gyara saura fitar da iska, wanda gareji da yawa suke tsallakewa. A ɗaga gaban motar da jak, inji a kashe, a yi ta murɗa sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana ƙara mai har ya daina sauka, sannan a tada inji a maimaita har kumfa ya ɓace. Kuma kar a danne sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙu, a nan ne matsi ke kaiwa ƙololuwa, man ya yi zafi, hos ɗin da aka saka yanzu ya fara wahala tun ranar farko.