Daga Ankara zuwa Tawa: amsa ga masu neman aikin koyar da Ingilishi a waje

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayye da ƙanne na Tawa da na Yamai, ina gaida ku duka, da fatan kowa yana lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, in na biye mata ba za mu kai ga magana ba.

Tun da labari ya bazu cewa ina koyar da Ingilishi a Turkiyya, wayata ba ta huta ba. Saƙon murya ne dare da rana, daga ƴan matan da suka gama lisansi a sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni, daga malamai ƴan kwantaragi da ke ƙauyukan Adar, har da iyaye mata masu cewa "ɗiyata, ki duba wa ƙanwarki hanya". Tambayoyin ba sa canzawa: akwai aiki, mace za ta zauna lafiya ita kaɗai, nawa ake samu. Wasu sukan ƙara da zancen aure da na abinci. Zan taɓa abin da ya samu in Allah ya yarda. Amma ku yi haƙuri, takardu ne za su cinye rabin wasiƙar, don a nan tsaron mace baƙuwa yake, ko da yake ba wadda ta tambaye ni su.

Aiki akwai, sai dai ba kowane fasfo yake nema ba. Koriya ta Kudu, wadda hotunanta suka fi cika Facebook, tana ba da bizar malamin Ingilishi mai suna E-2 ne ga ƴan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayilan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ɗan Gana da ɗan Najeriya ma, da suka yi karatunsu kaf da Ingilishi, ba sa cikin jerin, balle mu. Duk wanda ya ce zai kai ki Koriya koyarwa da fasfon Nijar, ki tambaye shi da wace biza. Sin kuwa, a 2021 gwamnati ta hana makarantun lasan na kuɗi koyar da yara darussan makaranta, Ingilishi na ciki, malamai baƙi da yawa suka tattara kayansu. Abin da ya rage wa irinmu shi ne Turkiyya, Maroko, wasu ƙasashen Larabawa, da na kudu maso gabashin Asiya kamar Tailan, Biyetnam da Kambodiya. Can ma ba a tsaye ake da hannu biyu ana jiranmu ba. Za a nemi lisansi, a nemi shaidar cewa Ingilishinki ya nuna, galibi ta jarrabawar IELTS, sannan a nemi takardar koyon koyarwa. Ta TEFL da aka saba karɓa awa 120 ce. CELTA ta Cambridge ta fi nauyi, ana yin ta cikin sati huɗu in an duƙufa, kuma sai kin koyar da ɗalibai na gaske awa shida ana zaune ana duba ki. Tana da tsada ƙwarai. Masu arahar da ake sayarwa a intanet, waɗanda ba a taɓa sa ki gaban allo ba, makarantar kirki tana gane su da kallo ɗaya.

Ni ta ƙofar karatu na shigo. Na samu gurbin tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda ake nema kyauta ta intanet a farkon kowace shekara, na yi shekarar koyon Turkanci, na yi mastar, sannan na nemi aiki ina cikin ƙasar, na san unguwanni, ina jin abin da ake faɗa a bayana. Hanyar tana da tsawo, amma ita na fi nuna wa duk wadda ta tambaye ni.

To, takardu. Ƙanwata, kafin ki yi mafarkin jirgi, ki shimfiɗa tabarma ki baje takardar haihuwarki, ta BEPC, ta bak, ta lisansi da fasfo, ki karanta sunanki harafi-harafi. Mu a gida ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. A wata takarda ke Aichatou ce, a wata Aïssatou, sunan Baba kuma Mahamadou ne nan, Mahamane can, kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta a nan bai san Baba ba. Harafi ɗaya ya bambanta, mutum biyu ne a wurinsa, zai turo miki takardun ta ƙarƙashin gilashi ya kira na bayanki. Ga kuma waɗanda aka yi wa takardar haihuwa a kotu daga baya, aka rubuta "an haife ta wajejen shekara kaza", fasfo ya ce 1 ga Janairu, wata takardar lakwal kuma ta ɗauko wata ranar daban. Gyaran irin wannan a gida ake yin sa, kina kusa da kotu da ofishin magajin gari da kawun da ya san wanda za a gani. Daga nan kuwa sai dai ki riƙa roƙon yayanki ya bar aikinsa ya hau motar Yamai, kilomita fiye da 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, don neman hatimi guda.

Kada ki taho da takardar shaidar cin jarrabawa ta wucin gadi kawai, ki karɓo diplom ɗin kansa. Kaziye kuma, wato shaidar cewa ba a taɓa kama ki da laifi ba, wata uku yake yi ya mutu, don haka shi ne na ƙarshe da za ki ciro. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan a duk harkar: kina jiran wata takarda, wadda ke hannunki tana tsufa, ranar da waccan ta fito wannan ta mutu, a koma farko. Kowace sai an buga mata hatimi a gida, ta iso nan a ba mai fassara wanda ya yi rantsuwa ya juya ta zuwa Turkanci, a kai wa notar ya sa hannu, kowane shafi da kuɗinsa. Diplom ɗin kuma sai hukumar manyan makarantu ta ƙasar ta amince ya yi daidai da nasu. Ki yi hoton kowace takarda ki ajiye a wayarki da a imel, ki bar kwafi wurin Inna cikin akwatin da take kullewa.

Duk wannan wahala don kati ɗaya ake yin ta: izinin aiki. A Turkiyya makarantar ce ke nema miki shi wurin ma'aikatar ƙwadago, kuma da yake koyarwa ce, sai ma'aikatar ilimi ta fara amincewa. Na farko ba ya wuce shekara ɗaya, kuma yana ɗaure da makarantar da ta nema; in kin sauya wurin aiki, sai sabo. Shi ne izinin zamanki, da shi ake sa ki cikin inshorar lafiya, da shi kike iya kai ƙara in an hana ki albashi. Makarantu da yawa ba sa son wahalarsa da harajinsa, sai su ce "ki zo da bizar yawon buɗe ido, ki fara aiki, za mu gyara daga baya". Wannan "daga baya" ba ta zuwa. In aka kama ki, tara ce da kora daga ƙasa, wani lokaci har da hana ki dawowa. Amma kamun ba shi ne abin tsoron ba. Abin tsoron shi ne mai makarantar ya san ba za ki iya zuwa wurin ƴan sanda ba, ke ma kin san ya sani. Daga ranar, in ya rage albashi sai ki yi shiru, in ya ƙara awoyi sai ki yi shiru, in ya fara kiran ki ofis bayan an tashi yana tambayar ko kina da saurayi, nan ma shirun ne. Na san wata ƴar ƙasar da ke maƙwabtaka da mu da ta zo ta wannan hanya. An karɓi fasfonta "don a yi mata takardu", an ba ta ɗaki a saman makarantar kyauta. Ranar da ta nemi kuɗinta na watannin baya, aiki da ɗaki suka tafi tare, cikin sanyi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Fasfonki ba mai ikon riƙe shi, a nuna a yi kwafi a mayar miki a take. Ɗaki kuma, in da hali, ki kama da sunanki tare da wasu mata, ko da ya fi nisa. Ki tambaya tukuna ko unguwar tana karɓar rajistar baƙi, don a 2022 an rufe unguwanni fiye da 1,000 a ƙasar ga sababbin baƙi.

Iyaye, ku ma ga taku. In wani ɗan kamasho ya zo gida ya ce ya samo wa ɗiyarku aikin koyarwa, tikiti kyauta, ba a bukatar diplom, ku nemi ganin kwantaragi da sunan makaranta da adireshinta, ku sa a buga wa makarantar waya kai tsaye. An sha jan matasan Afirka zuwa Tailan da alkawarin aikin ofis na masu jin Ingilishi, aka tsallaka da su Myanmar aka kulle su suna damfarar mutane ta intanet. A farkon 2025 an fito da dubbai daga irin waɗannan gidaje a yankin Myawaddy na Myanmar. Mu mutanen Adar mun san ci-rani tun kaka da kakanni, mazanmu sun san Abijan da Libiya, amma wanda ya tafi Abijan yana sauka ne gidan ɗan garinsu. Ɗiyarku ba ta da wannan masauki.

Titin da kuke tsoro kuwa, gaskiya bai dame ni ba. Ina shiga jirgin metro daga Kizilay, tsakiyar Ankara, bayan lasan na dare in isa gida lafiya. Kallo akwai, akwai masu son ɗaukar hoto da ke, akwai tsohuwar da za ta shafa hannunki ta yi miki addu'a. Hijabi ba matsala ba ne a nan, tun 2013 aka ɗage haninsa ga ma'aikatan gwamnati. Lambar gaggawa 112 ce, kuma akwai manhajar KADES ta ma'aikatar cikin gida, wadda mace ke dannawa ƴan sanda su ga inda take. Inda nake taka-tsantsan shi ne lasan na gida-gida, wanda yake da kuɗi amma yake kai ki bayan ƙofar da ba ki sani ba. Babban namiji in yana son lasan, a wurin shan shayi ne cikin jama'a, ko ta intanet. Wani abin da ba wanda ya gaya mini shi ne launin fata yana shiga ciniki. Wata makaranta ta yaba da koyarwata, sannan ta ce in gaya wa iyayen yara cewa ni ƴar Amurka ce. Na ce musu ni ƴar Nijar ce, suka ce za su kira ni. Har yau.

Sanyi! Wanda muke kira sanyi a Tawa, na watan Janairu da ake hura wuta da asuba ana jin ɗumi, hantsi na yi ya wuce. Na Ankara ba ya wucewa. Garin yana kan tudu, ma'auni yana sauka ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara ta zuba ta narke ta sake daskarewa, ki taka ki ji ki a ƙasa da jakar littattafai. Alwalar asuba sai an yi shawara da zuciya. Lokacin da za ki fito daga aji duhu ya riga ya rufe, ga fata tana tsagewa, ga kewar gida tana sauka tare da magariba. Riga mai kauri da takalmin sanyi su ne sayayyar farko, kafin tsarabar kowa. Kuɗin iskar gas na ɗumama ɗaki kuma yana zuwa kowane wata, bai san kin aika gida ba.

Wannan ya kawo mu ga "nawa ake samu". Ba zan faɗi adadi ba, don kafin ku karanta ya canza. A farkon 2021 dalar Amurka ɗaya ba ta kai lirar Turkiyya 8 ba, ƙarshen 2023 ta kusa 30. A Oktoban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari a lissafin gwamnati da kanta. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. Ma'ana, albashina yana ƙaruwa a takarda, jikkunan da ke isa hannun Inna suna raguwa. Ki cire haya, gas, mota da abinci, sannan ki kwatanta da abin da malamar Ingilishi mai CELTA za ta samu a makarantar kuɗi ko a wata ƙungiya a Yamai, tana kwana gidansu. Kundin sake gina ƙasar Nijar na Maris 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga kuma ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano, Dubai da Guwanzu, da ɗaliban da ke son jami'o'in Najeriya da Gana, duk malami suke nema. Ban ce kada ki fito ba. Amma takardar da za ta fitar da ke, ita ce kuma za ta ɗaga farashinki a gida, ki fara da ita.

Zancen aure sai wata wasiƙar, Inna ma tana jiran amsar. Abinci kuwa akwai burodi, akwai miyar wake, komai halal ne, gero ne dai babu, duk mai tahowa ta ƙullo mini garin kuka da kilishi.

Masu turo mini hoton fasfo ta WhatsApp, don Allah ku daina, kuma kada ku tura wa kowa. Ni ba na ɗaukar aiki. In kin samu kwantaragi a rubuce, shi za ki turo, in karanta miki Turkancin da ke ciki kafin ki sa hannu.

Taku,
ƴar Tawa a Ankara