Laraba da dare: gardamar metil

Yau layi ya zo kaina a zaman karatun da muke yi da Malama duk mako. Abin da ta ɗora min shi ne in yi bayanin yadda liƙa metil a jikin RNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a rubuce da haruffa huɗu, yake shafar bairus masu kama dabbobi. Tun safe nake ɗakin karatu ina rage bayanai, don minti arba'in kawai take ba mutum, kuma ba ta ƙari.

Na fara da shi metil ɗin, wanda bai taka kara ya karya ba a girma: kabon ɗaya da haidurojin uku. Ƙwayar halitta tana ɗebo shi daga wani sinadari da ake kira SAM, ta manna shi a kan RNA. Idan ya sauka a kan naitirojin na shida na adenosin, ɗaya daga cikin haruffan RNA, shi ne m6A. Furotin METTL3 da METTL14 su ke mannawa, FTO da ALKBH5 su ke cirewa, dangin YTH kuma su ke gane shi su yanke abin da za a yi da wannan RNA, ko a yi furotin da shi ko a narkar da shi. An gano m6A a 1974, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 an gan shi a RNA ɗin bairus na mura da na Rous mai jawo ƙari a jikin kaji. Daga nan maganar ta kwanta sama da shekara talatin, saboda an san yana nan amma ba a iya nuna inda yake zaune ba. Sai a 2011 ɗakin binciken Chuan He a Jami'ar Chicago ya nuna FTO yana goge shi, a 2012 kuma aka samu hanyar zana taswirarsa. Wannan ɓangaren na bi ta kansa da sauri, kowa ya san shi.

Inda na tsaya na baje koli shi ne batun hula, wato abin da ke kan goshin kowane RNA mai ɗauke da saƙo. Hular dabba tana da metil biyu: ɗaya a kan guwanosin, ɗaya a kan sukarin harafin farko. Na biyun nan kamar hatimi ne a kan takarda, duk RNA ɗin da ba shi da shi baƙo ne, furotin IFIT1 na garkuwar jiki ya danne shi, ɗan'uwansa MDA5 kuma ya ta da intaferon, wato furotin da ke shelar shigowar bairus. To bairus da yawa sun koyi buga hatimin da kansu. A 2010 tawagar Michael Diamond a St. Louis ta Amurka ta canja amino asid, wato tubalin ginin furotin, ɗaya tak a furotin NS5 na bairus ɗin West Nile, wanda ke yawo tsakanin sauro da tsuntsaye yana kayar da dawakai. Ya kasa sa metil na biyun, kuma ƙarfinsa ya karye a jikin ɓeraye masu lafiyayyar garkuwa. Dangin korona suna yin nasu da furotin ɗinsu nsp16 tare da nsp10. Shi kuwa na mura bai wahalar da kansa ba, yana gutsuro hular RNA ɗin dabbar da haruffa goma zuwa sha uku ya ɗora wa nasa. Ina son wannan ɓangaren don hujjarsa a tsaye take: enzayim, wato furotin mai liƙa metil ɗin, na bairus ne, an lalata shi, an ga sakamako.

Da na shigo kan m6A ne zama ya yi zafi. A 2016 tawagar Stacy Horner a Jami'ar Duke ta ruwaito cewa m6A yana rage yawan ƙwayoyin da bairus ɗin ciwon hanta nau'in C ke fitarwa. A 2017 tawagar Bryan Cullen, a jami'a ɗaya, ta ruwaito cewa a bairus ɗin mura yana ƙara masa ƙarfi ne, har wanda aka cire wa wuraren m6A ya rage illa a ɓeraye. A PEDV, korona mai kashe jariran aladu da gudawa, wanda ya shiga Amurka a 2013 ya hallaka miliyoyinsu, rahoton ya karkata ga cewa m6A birki ne gare shi.

Wani abokin karatunmu ya ce ai wannan ba abin mamaki ba ne, kowane bairus da halinsa. Na ce ban ƙi ba, amma amsar ta yi sauƙi da yawa. Yawancin gwaje-gwajen nan METTL3 na dabbar ake kashewa, sannan a ƙirga bairus. Alhali dubban RNA ɗin ita dabbar suna ɗauke da m6A, ciki har da na intaferon beta, wanda aka nuna a 2018 da 2019 cewa yana daɗewa bai narke ba idan babu metil a kansa. Ke nan idan bairus ya ragu, wa ya san ko RNA ɗinsa aka taɓa ko garkuwar dabbar ce ta farka? Ya ce shi ya sa ake canja haruffan bairus ɗin kansa. Na ce canja harafi yana iya sauya yadda RNA ke naɗewa, ko babu ruwan metil.

Malama ta bar mu muka yi ta yi, sannan ta juyo kaina. "To kai da ka ƙi kowace hanya, da me za ka auna?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ƙi na yi ba, ɗaya ce ba ta isa ba." Na kawo mata aikin da ya fito a 2024, inda aka sake duba RNA ɗin bairus ɗin chikungunya da na dengi da hanyoyi daban-daban da ba su dogara da antibodi, wato furotin da ake sa ya kamo m6A, kaɗai ba, ba a kuma samu m6A ɗin da ake tsammani ba. Tsohuwar hanyar, ta antibodi, tana kamo gutsattsarin RNA mai haruffa ɗari ko fiye, antibodin kuma yakan kama abin da ba shi aka aike shi ba. Akwai ma tambayar da ta daɗe tana cin raina: METTL3 mazaunin cibiyar ƙwayar halitta ne, su kuwa waɗannan bairus a waje suke hayayyafa. Na mura a cikin cibiyar yake kwafar kansa, don haka labarinsa ya fi shiga hankali. Ta gyaɗa kai ba ta ce komai ba, wanda a wajenta ba ƙaramin abu ba ne.

Da yamma muna fitowa abokin nan ya sake tare ni, wai in dai haka ne ina amfanin fannin ga likitan dabbobi. A ganina amfanin yana wajen rigakafi fiye da magani. Bairus ɗin da aka hana sa metil yana rayuwa, amma garkuwa tana ganinsa da wuri, kuma abin da ake nema ke nan a allurar da aka yi da raunanan bairus. An gwada haka da PEDV mai lalataccen nsp16 a Jami'ar Jihar Ohio, an kuma ga makamancinsa a 2020 da wani bairus na numfashi da aka rage wa m6A, wanda RIG-I, furotin garkuwa mai gano baƙon RNA, ya fi saurin ganowa. Matsalar ita ce canji ɗaya yana iya komawa yadda yake, dole a haɗa shi da wasu. Batun magani kuwa ina ɗari-ɗari da shi. Akwai STM2457 mai toshe METTL3, wanda aka bayyana a 2021 don sankarar jini, amma toshe enzayim ɗin da kowace ƙwayar halitta ke aiki da shi a garken dabbobin da mutane za su ci, wannan sai an yi dogon tunani. Gara a nufi enzayim ɗin bairus ɗin.

Kafin in iso gida saƙon Malama ya shigo. Tana son shafi biyu kafin Litinin: bairus ɗaya na dabba, hanyoyi biyu na auna m6A waɗanda ba su jingina da juna ba, da RNA ɗin da aka haɗa a kwalba ba metil a kansa don kwatantawa. Na zaɓi na murar tsuntsaye. Gobe zan fara da duba ko injin da ke karanta RNA kai tsaye zai samu a watan nan, don masu jiransa suna da yawa.