Ga Mai Difloma da Zuciyarsa Ke Samaru

Makon jiya na iske ɗan yayata a Tudun Wada yana kwafar rahoton wani gwaji da bai halarta ba daga wayar abokinsa. Gwajin lilo ne, wanda ake rataye ƙarfe a zare a ƙirga kai-komonsa domin a auna ƙarfin jan ƙasa, amma ya riga ya rubuta 9.8, amsar da ake sa ran samu, a ƙasan shafi tun bai cika alƙaluman ba. Da na yi masa magana sai ya ce, "Kawu, ai diflomar ta wucin gadi ce, JAMB nake jira."

Maganar da ta cuce ni ke nan. Na shiga diflomar fasahar ɗakin gwaje-gwaje a wata kwaleji a nan Zariya bayan na nemi likitanci ban samu ba, sai ya kasance gangar jikina tana aji, zuciyata tana Samaru da Shika, inda Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta suke. Ranakun firaktikal na mayar da su ranakun bitar tsofaffin tambayoyin JAMB. Ina da uzuri, domin mutanen gida sun riga sun laƙaba mini "Likita", da yamma ina tsaron shagon mahaifina a Sabon Gari, kuma a ɗakin gwajin mukan yi cincirindo a kan maikiroskof ɗaya, wani lokaci a ɗauke wuta kafin layi ya zo kaina. Har yau ina ganin duk wanda aka ɗora wa wannan nauyi zai karkata. Sai dai waɗanda muka yi cincirindon tare sun tsaya har layi ya zo kansu.

Asirina ya tonu a lokacin SIWES, wato zuwa koyon aiki a aikace da ake tura ɗalibai, ranar da aka ce in yi rinin Gram, wanda ke raba ƙwayoyin bakteriya gida biyu. Na haddace jerin tsaf: shuɗin rini, aidin, alkohol, sannan safranin. Na bar alkohol ya daɗe, komai ya fito ja, kuma ban san dalili ba, domin hannuna bai taɓa yi ba. Na gama da sakamako mafi ƙasa, likitancin bai samu ba, ƙofar shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta rufe, ita ma babbar difloma sai da na sha jira.

Kai kuma ɗan yayata, na yi niyyar jero maka shawarwari da yawa, amma kaɗan suka rage. Ka shiga kowane firaktikal, ka rubuta abin da ka auna ko da 9.3 ya ba ka, sannan ka nemo inda kuskuren ya fito. Ka ajiye JAMB ka fuskanci abin da ke hannunka. Ko da yake ba zan so ka binne burinka ba, ka sake rubutawa idan kana so, amma kada ranar gwaji ta biya kuɗinta.

Abin da ke ƙona mini rai da ku 'yan yanzu shi ne kuna zaune a garin da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da cibiyar makamashi mai na'urar nukiliyar bincike tun 2004, da cibiyar fasahar sinadarai ta Basawa, duk wuraren da aikinsu ya dogara ga hannun da ya iya awo, amma ku ɗauki hoton allo da waya ku fice. Mu ko wayar ba mu da ita. Ranar Litinin zan zo da kaina in duba littafin rahotonka.