"For" ko "to": darasin da na koya wajen neman aiki a Legas

Watana huɗu a Agege ina rarraba takardun neman aiki, shiru. Rannan wani kamfani a Ikeja ya yi tallar neman mai kula da sito, na zauna na rubuta takarda. Layin farko: "I wish to apply to the post of storekeeper." Kafin in tura sai na kai wa kawuna, wanda ya daɗe yana aikin ofis a Apapa. Ya ɗora tabarau, ya ja layi ƙarƙashin "to".

"Ɗana, me kake nema?"

"Aikin sito, Kawu."

"A wajen wa?"

"Kamfanin."

Ya ce abin da kake nema shi ke ɗaukar "for", wanda za ka miƙa wa takardar shi ke ɗaukar "to": "apply for the post", "apply to the company". Tambayoyin nan biyu nake yi wa kaina har yau.

Daga baya na gano inda gizo ke saƙar. Mu "a" ɗinmu guda ɗaya ta ishe mu: a Legas, a bakin ƙofa, a ranar Litinin. Bature kuwa ya raba ta uku: "in Lagos", "at the gate", "on Monday". Duk wanda ya yi tunani da Hausa sannan ya juya, canka yake yi. Ba rashin ilimi ba ne, amma mai tace takardu ɗaruruwa ba shi da lokacin yi maka uzuri, wannan kuwa yana damuna ƙwarai.

Wadda ta fi ba ni mamaki tana ƙarshen takardar. Na rubuta "I look forward to hear from you", Kawu ya mayar da ita "hearing". Ashe "to" ɗin nan suna take nema a bayanta, shi ya sa aikatau ke ɗaukar "-ing". Ya kuma goge "about" da na liƙa bayan "discuss", duk da kullum ana jin ta haka a bakin mutane.

Sai na daina haddace kalma tsurarta. Na sayi ɗan littafi ina rubuta kowace da abokiyar tafiyarta: "interested in", "responsible for", "good at", "graduated from". Yawancinsu daga tallar aikin nake kwafowa, ina bitarsu cikin danfo, motar haya ta Legas, idan cunkoso ya tsare mu.

Da kamfanin ya kira ni ganawa, ni kaɗai na rubuta amsa: "on Monday at 10." Kawu ya karanta, ya miƙo mini wayata bai taɓa komai ba.