Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gardamar Baba da Gwaggo

A makon jiya na tsaya a inda aka sa ni ajin tabbatarwa, wato ajin da ke shirya matasa su tabbatar da bangaskiyarsu gaban ikilisiya, a Numan, a 1999. Gidanmu 'yan Lutheran ne tun kakanni, ai a garin ne Dokta Bronnum, mutumin Denmak, ya fara aikin mishan a 1913.

Mai bisharar da ke koya mana ba ya gajiya da labarin Martin Luther. Ya ce a 1517, a Wittenberg ta ƙasar Jamus, Luther ya rubuta batutuwa 95 yana ƙalubalantar takardun sassaucin horon zunubi da ake sayarwa, ana tara kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma. Daga nan sai haddar Afisawa 2:8-9: ceto kyautar Allah ce ta alheri, ta wurin bangaskiya ake karɓa, ba ladan aiki ba ne, balle wani ya yi fahariya.

A gida kuwa akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta auri ɗan Katolika a Yola. Da ta ji ina bita sai ta ce, "Ka ƙara da Yakubu sura 2, ɗana. Bangaskiyar da ba aiki gawa ce."

"Yaya, ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wane aiki ya yi?" in ji Baba.

"Da an sauko da shi da rai, sata zai koma?"

Baba ya ce mangwaro ba don ya yi 'ya'ya ya zama mangwaro ba, don shi mangwaro ne yake 'ya'ya. Ni dai har gobe ina bayan Baba, amma tambayar Gwaggo ba ta wasa ba ce. Abin dariyar ma, mai cewa aiki ba ya ceto shi ne ke kai wa gwauraye dawa bayan girbi, bai yarda kowa ya sani ba.

Ranar 31 ga Oktoban 1999, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a Augsburg ta ƙasar Jamus kan cewa ta alheri kaɗai ake samun karɓuwa wurin Allah, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke iza mutum ga kyawawan ayyuka. Da Kirsimeti Baba ya ba Gwaggo labari. Ta ce ai maganarta ce aka rubuta, shi ma ya ce tasa ce.

Mako mai zuwa zan kawo tambayar da Fasto ya yi mini ranar jarrabawa, gaban dattawan ikilisiya.