Yini guda a unguwar Roombeek

Daga Amsterdam jirgin ƙasa ya kai ni Enschede cikin awa biyu da 'yan mintoci, gari ne a gabashin Holan, dab da iyakar Jamus. Wani ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Twente ne ya tarbe ni a tasha, ya ce, "Kawu, kafin mu ci abinci akwai unguwar da nake so ka gani." Muka taka da ƙafa zuwa arewacin gari, ina bin bayansa ina kauce wa masu kekuna.

Da can Enschede garin masaƙu ne. Auduga ce ta gina shi, ita ce ta jawo leburori daga Turkiyya da wasu ƙasashe, kafin kasuwar ta karye a shekarun 1960 da 1970, injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Roombeek unguwar ma'aikatan ce, gidaje manne da katangun masaƙu. A tsakiyarta kuma akwai ma'ajiyar kayan wasan wuta ta kamfanin S.E. Fireworks, wadda da yawa daga cikin maƙwabta ba su ma san da ita ba. Ranar Asabar 13 ga Mayu 2000 da rana wuta ta kama a ciki. Mutane suka fito kallo. Daga nan sai fashewa. Mutum 23 suka rasu, huɗu daga cikinsu 'yan kwana-kwana, sama da 900 suka jikkata, gidaje kusan 400 suka rushe.

Mun tsaya a inda ma'ajiyar take. An bar daɓen simintinta yadda yake, a farfashe, ciyawa ta kewaye shi. Wata tsohuwa ta wuce da karenta ko juyowa ba ta yi ba. Ni ne na daɗe a tsaye.

Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne sauran masaƙun. Babbar masaƙar Bamshoeve ta tafi, sai dogon ginin jan bulo da ake jibge dilolin auduga ya rage. Masaƙar Rozendaal ta zama gidan tarihi, ta Tetem kuwa masu zane-zane ne ke baje ayyukansu a ciki. Sun yi shekaru da daina saƙa, sai da unguwar ta ƙone sannan aka tuna da su aka zuba musu kuɗi. Gyaran ya yi kyau, ban musa ba, sai dai tsaftar ta yi yawa har ka kasa yarda an taɓa yin gumi a wurin.

Ni da na tashi a Kaduna, Kakuri, unguwar masaƙunmu, ce ta faɗo mini a rai, da jiniyar tashin aiki da ta daɗe da yin shiru. Na faɗa wa yaron. Ya ce shi bai taɓa jin ta ba, sannan ya ja ni wani shagon Baturke muka sayi gasasshen nama da burodi.