Laraba, takardar Gwaggo ta iso

Na tashi da fara'a yau, duk da zafin Garwa, a nan arewacin Kamaru. Gwaggo ta kwana ba tari, har ta shanye kunun gyaɗa kofi guda. Tun da aka zuƙe mata ruwan nan ta tsakanin haƙarƙari numfashinta ya dawo. Ummi ma ta tafi makaranta ba rigima.

Sai aka kira mu asibiti, wai sakamakon gwajin ruwan ya zo daga Yawunde.

Dukanmu tarin fuka muka sa a rai, don a nan shi ya fi tara wa mutane ruwa a ƙirji, kuma wata shida na magani an gama. Likita ya ce ba shi ba ne. An tace ruwan, an shafa abin da ya kwanta a kan gilashi, an rina, aka ga ƙwayoyin ciwon daji a dunƙule. Na ce to dajin huhu ke nan? Ya girgiza kai. Wai ƙwayar daji ko ina ta je tana ɗauke da alamar gidansu, kamar yadda ake gane Bagobiri da tsagarsa. Ya nuna mini layi biyu da biro, sunayen rini biyu da aka gwada a kan ƙwayoyin don a gane gidansu. TTF-1, wanda na huhu kan kama, bai kama ba. GATA3 ya kama, shi kuwa yawanci nono yake nunawa. A mata ma, in ji shi, can aka fara zargi.

Ya juya wajenta a hankali. "Mama, akwai wani ƙullutu a nono?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "Akwai, ɗana. Tun kafin azumin bara."

Tun kafin azumin bara! Ni ce ke shafa mata man zafi a baya kowane dare. Ni ce ke wanke mata kaya. Wani can a Yawunde, wanda bai taɓa ganin fuskarta ba, ya riga ni sani daga ruwan cikin kwalba.

A gida na kasa haƙuri. "Gwaggo, don Allah me ya sa?"

"Ke 'yata ce. Ina zan buɗe miki wannan?" Sai ta tambaya ko na jiƙa wake.

Saura a ɗebi ɗan naman ƙullutun a gwada kafin a yi maganar magani. Mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Yaya ya bugo bayan la'asar, ya ce zai haɗa kuɗin hanya. Na faɗa masa daji ne. Da ya tambayi a ina, sai na ce a ƙirji, don tana zaune kusa da ni tana jin mu.